Muryar Iya Dije da Dosiyen da Na Kulle

A garin Gidan Amumune na tashi, a wani gida da ke bayan kasuwa, mai babban gawo a ƙofarsa. Mu biyu ne maza a ɗakin Innarmu: ni Lawali, da ƙanena Isufu wanda na ba shekara biyu. Sauran yaran gidan 'ya'yan baffanninmu ne. Mai riƙe da mu duka kuwa ita ce Iya Dije, mahaifiyar babanmu, 'yar gajeruwar tsohuwa mai wushirya, wadda ba ta iya yin dariya sai ta dafa kafaɗar na kusa da ita.

Idan an gama girbi, dammunan gero sun shiga rumbu, sanyi ya fara taɓa ƙafa, to lokacin Iya ya yi. Ana idar da magariba a ci tuwo, sai ta sa a jawo mata karan gero da ɗan kututture a ƙofar ɗakinta. Ta zauna kan tabarmar kaba, ta miƙe ƙafafu, ta tura gujiya cikin toka mai zafi tana juya ta da tsinke. Mu kuma mu kewaye wutar, gabanmu ya yi zafi, bayanmu ya yi sanyi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita nata salon daban ne.

"Ga wata baƙuwa can tahe," in ji ta.

Mu haɗa baki: "A shimfiɗa mata tabarma!"

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata a gaban mutane, sai dai ta ce "Babba". Kowa ya san ɗan fari na kaka ne, a can yake samun abin da kunya ta hana uwa ta ba shi. Amma a gidanmu sai abin ya karkace. Isufu ne ya zama na Iya. Shi take kira "Angona". Shi ke zama jikin ƙafarta ta dama, ya ɗora kai a gwiwarta. Idan tatsuniya ta zo wurin waƙa sai ta taɓa masa ƙeya, ya ɗauka, don Allah ya ba shi murya da kunne. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Ni kuwa in ta tashi tsokanata sai ta ce, "Kai mijin takarda ne, lakwal ta ƙwace min kai."

Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Amma a lakwal ɗin, wato makarantar boko, ni ke zuwa na ɗaya, Isufu yana can wajen wutsiya, kuma ban ga abin da na ɗayan ya saya mini a bakin wutar nan ba. Nakan lura da gujiyar da take miƙa masa. Kullum gani nake tasa ta fi gasuwa.

Wata rana na ƙulla dabara. Muna zama na ce wa Isufu Baba yana nemansa a zaure. Ya tashi da gudu, ni kuma na zame na gaje wurinsa. Da ya dawo ya tsaya yana kallona, sannan ya je can ƙarshen tabarma inda hayaƙi ke bugawa ya zauna. Iya ma ba ta kore ni ba. Ta bar ni na ɗora kai a gwiwarta, har ta shafa mini kai. Sannan ta kira baƙuwarta, muka shimfiɗa mata tabarma.

Ta ce an yi wasu makiyaya biyu, wa da ƙane, suna kiwon shanun gari. Ƙanen yana da sarewar kara. In rana ta yi ja ya busa ta, shanu duk inda suke sai su ɗago kai su biyo shi, mata su bar daka su saurara, tsofaffi su ce kai, yaron nan. Wan ya fi shi ƙarfi, ya fi shi sanin inda ciyawa take, shi ke korar kura, amma ba wanda ke ambatonsa. Ran nan ƙanen yana barci a inuwa, sai wan ya zare sarewar daga aljihunsa.

"Bai karya ta ba hwa," in ji Iya, ta ɗaga tsinken hannunta. "Mi zai sa ya karya ta? Ai shi ma son ta yake. So yake ta zan tashi."

Ya kai ta gindin wani suri ya binne. Ya ce a ransa bari a kwana biyu, mutane su manta da ƙanen, sannan ya tono ta ya busa a ce tasa ce. Daga ranar shanu suka daina dawowa da kansu, sai an bi su da sanda. Wasu suka ɓace, har da na wan. Da ya ga abin ya yi yawa ya koma surin ya tona. Ya tarar da sarewar kwance kamar yadda ya ajiye ta, har da ƙofofinta. Ya sa hannu ya ɗauka, ta zube. Gara ta cinye cikin, ta bar ƙasa mai siffar sarewa.

"Nan baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Iya.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Iya, to me ya sami wan?"

Ta ce, "Ba abin da ya same shi, ɗana. Ya tsuhwa yana cin tuwonai. Sai dai duk marece in gari ya yi tsit, shi kaɗai ya san dalili."

Na ji gwiwar nan tata ta yi mini tauri kamar dutse. Kashegari na koma wurina na da. Amma kada in yi wa kaina ƙarya: abin da na koya a ranar shi ne kada in sake yin abin da za a gani. Abin da ke cikin ƙirjina bai je ko'ina ba.

Shekaru suka tafi. Na yi kolej a Mayahi, na wuce Maradi, na koyi aikin ordinata, wato kwamfuta, na samu aiki a Tasawa, na yi aure, na yi gida. Isufu ya bar lakwal da wuri, ya riƙe gonar Baba, ranar kasuwa kuma ya yi kabu-kabu da babur. Shi ya yi jinyar Iya a shekarunta na ƙarshe, lokacin da ido ya tafi amma baki yana nan. Ni ina aika magani da zane, in zo da salla in kwana biyu. Ranar da ta rasu ina wani taron aiki; kafin in iso an kai ta.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta dawo wurina da zama. Da matata Hadiza ta haifi ɗanmu na uku, dangi suka zo suna, Isufu ma ya zo. Bayan la'asar, baƙi sun ragu, sai ya fiddo wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi ya ce, "Inna, saurari wannan." Ya danna. Sai ga muryar Iya ta fito, da 'yar tarin nan tata: "Ga wata baƙuwa can tahe."

Inna ta rufe baki da mayafi. Gwaggonninmu suka matso suna kuka suna dariya. Ashe duk lokacin da yake zaune da ita yana ɗaukar muryarta. Ya tara tatsuniya ashirin da uku. Aka yi ta sa masa albarka. "Isufu, ka yi abin da ba wanda ya yi tunaninsa." "Allah ya ba ka masu yi maka." Ina tsaye bakin ƙofa da buta a hannu, a gidana, ranar sunan ɗana, ni da na yi shekaru ina karanta na'ura, ga mai kabu-kabu ya yi da salular da ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Na ji daidai abin da nake ji ina ɗan shekara tara.

Na ce, "Wannan abu bai kamata ya zauna a salula ba. Ba ni katin ajiyarta, in yi masa wurin da ya dace."

Ya zare katin ya miƙo mini da hannu biyu. Na kwafe a wata tsohuwar ordinata da ke ɗakina. Da zai koma ya ce katin ya cika, yana so ya ɗauki hotunan jariri. "Yaya, in goge?"

Na ce, "Goge. Wurina ya fi aminci."

Dama na daɗe ina son haɗa abin da muke kira sarbar a gida, wato ordinata ɗaya da za ta riƙe duk hotuna da sautuka, kowa a gidan ya jawo abin da yake so a salularsa ko a tele, ba sai an sayi forfe na intanet ba, tunda abin bai fita gida ba. Yanzu sai na samu dalili. A zuciyata cewa nake, Isufu ya kawo murya a tafin hannu, ni zan sa ta fito a falo, kowa ya san wa ya yi.

Na ɗauko tsohuwar ordinatar nan da na daina aiki da ita, na kakkaɓe ta, na kwashe muryar Iya zuwa sabon disk, na goge cikinta, na sa mata sabon tsari mara nauyi. Na ƙara mata disk biyu, ɗaya na ajiya, ɗaya na kwafi. Na jawo kabul daga ɗakina ta saman ƙofa zuwa rutar da ke falo, wato ɗan akwatin da ke raba wifi. Na ba ta adireshi wanda ba ya canzawa, don kada salula ta neme ta yau a nan gobe a can. Kwana biyu tele ta ƙi ganinta, ina ta zagin tele, ashe ni ne ban buɗe mata ƙofa a katangar tsaro ba. Ranar da sunan sarbar ya bayyana a gilashin tele na yi tsalle kamar yaro.

Na yanka dosiye-dosiye, kowane abu da ma'ajinsa: karatun Alƙur'ani don Inna, hotunan biki da suna don Hadiza, majigin yara don 'yata Zainabu da ƙanenta. Na tsara wa ke iya gani, wa ke iya sakawa, wa ke iya gogewa. Na kuma saita cewa kullum da azahar duk abin da ke cikin dosiyen gida ya kwafu a disk na biyu. Inna ta leƙo ta ga fitilun suna ƙyaftawa ta ce, "Babba, wannan shi ne rumbun naka?" Na ce shi ne.

Saura dosiyen Iya. Ranar Lahadi da hantsi na sa abin kunne don in sa wa kowace tatsuniya suna. Ta farko, kafin ta fara sai ta ce, "Angona, ka kunna abin naka?" Ta biyu: "Angona, matso min da ruwa." Ta uku, a wurin waƙa numfashinta ya gaza, sai na ji muryar Isufu ta ɗauka, babban mutum da gemu, tana cewa, "Yawwa, kai kaɗai ka riƙe." Na cire abin kunnen.

Na hango yadda za a yi: duk marece muryar nan ta cika falona, ta cikin kabul ɗin da na ja da hannuna, tana kiran Angona, 'ya'yana suna ji. Na yi tunanin in yanke wuraren. Na ga aikin da yawa, kuma wani abu ya hana ni sa wuƙa a muryarta. Sai na ɗauke dosiyen daga cikin na gida, na mayar da shi tsohon disk ɗin da ordinatar ta zo da shi, na sa masa kod, wato lambar sirri, wanda ni kaɗai na sani. Na ce sai na samu lokaci.

Inna ta tambaya. Na ce ana gyaran sauti. Bayan sati biyu ta sake tambaya, na ce akwai ƙara a ciki. Isufu ya bugo waya: "Yaya, Inna tana jin Iya a tele?" Na ce an kusa. Zainabu tana kallon majiginta, Hadiza tana nuna wa ƙawayenta hotuna a salula tana cewa baban Zainabu ne ya haɗa, ana yaba mini. Yabon yana shiga, amma ba ya zama.

Damina ta faɗi. Wata ranar Laraba da yamma hadari ya taso daga gabas, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, ya dawo da ƙarfi. Da na iso gida na kunna ordinatar, sai na ji tsohon disk ɗin yana ƙas, ƙas, ƙas. Duk mai aikinmu ya san wannan ƙarar. Na zauna a ƙasa.

Karatun Inna yana nan. Hotunan Hadiza suna nan, har kwafi biyu. Majigin yara ko ɗaya bai ɓata ba. Abu ɗaya ne kawai a gidan da kwafin azahar ba ya kaiwa gare shi, don ni na fitar da shi daga hanya. Ordinatar da na fara kwafe katin a kanta kuwa ita ce wannan, na goge cikinta da hannuna.

Na kai disk ɗin Maradi wurin wani abokina da ya fi ni sanin wannan fanni. Ya yi kwana huɗu a kai. Tara suka dawo. Biyu daga ciki sun yanke a tsakiya.

Ban iya faɗa a waya ba. Na je Gidan Amumune ranar da ba kasuwa, na tarar da Isufu a gona yana noma na biyu. Muka zauna gindin wata aduwa. Na so in ɗora wa kuran laifi, har na fara. Sai ya ce, "To amma hotunan sunan fa? Su ma sun tahi?" Na ce suna nan. Ya ce, "Yaya aka yi wuta ta zaɓi Iya ita kaɗai?"

Sai na faɗa masa duka, har da Angona.

Ya daɗe yana kankare ƙasar hauyarsa da ɗan dutse. Sannan ya ce, "Guda nawa ka saurara?"

Na ce uku.

Ya yi wata dariya da ba ta da daɗi. "Ta goma sha ɗaya taka ce. Ranar ta ce in kunna, wannan ta mijin takarda ce, in ya zo a ba shi. Ba tatsuniya ba ce ma sosai, magana ce ta yi maka. Na ɗauka ka ji, kunya ce ta hana ka yin zancen."

Na fiddo salulata, na duba taran da suka dawo. Babu ita.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya miƙe ya saɓa hauya. "Ba yau ba, Yaya." Ya koma kan kunyar da ya tsaya ya ci gaba da noma. Bai raka ni tasha ba, abin da bai taɓa yi ba.

Ni na gaya wa Inna da bakina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Babba, ashe har yanzu?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Wannan ya fi mini mari.

Isufu bai neme ni ba har aka yi girbi. Sai ga shi wata Juma'a da buhun wake a bayan babur. Bayan an ci abinci ya ce, "Abin naka yana ɗaukar murya?" Na ce yana ɗauka. Ya zauna a tsakar gida, yara suka kewaye shi, na riƙe masa salula. Kwana uku yana yi, bayan magariba kafin isha'i, har ya maido da goma sha ukun da suka ɓata, da waƙoƙinsu, har da wurin da Iya ke tsayawa ta yi tari. Na buɗe sabon dosiye na rubuta sunansa a kai, kusa da na Iya, na buɗe su ga kowa. Na kwafa a disk na biyu, na kwafa a kati na ba shi, na aika wa gwaggonninmu.

Ranar da zai tafi na raka shi bakin titi, na tambaye shi ta goma sha ɗaya. Ya ce ta fara da ranar da aka haife ni, yadda aka yi ruwa har katangar zaure ta faɗi, ita ta fara ɗaukata. Ya ce ta ƙare da addu'a.

"Tsakiyar fa?"

Ya tada babur. "Tsakiyar ta shige min, Yaya."

Isufu, wanda abin da ya ji sau ɗaya ke zama. Ban sani ba ko da gaske ya manta, ko yana riƙe da ita ne. Ban kuma ga bakin da zan sake tambaya da shi ba.

Ina yaro na ɗauka mai hassada shi ne wanda ke ƙin abu. Sai da na girma na gane sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa son abin, son da ba ya yarda a raba. Ban taɓa nufin muryar Iya da sharri ba. So na yi ta zama tawa ko da na wata ɗaya ne, kuma a wannan watan ta tafi, har da rabon da ta ware mini da sunana.

Ba zan ce na warke ba. Yanzu da marece Zainabu takan ɗauki abin canza tasha ta ce, "Baba, sa mana na Baffa Isufu, nasa ya fi daɗi, yana yin muryar kura." Sai in ji abin nan ya motsa a ƙirjina, tsohon abokina. Nakan bar shi ya motsa. In miƙa hannu in ƙara musu sauti.